Ranar da Rediyo Ta Riga Ni Isa Miga

Shekarun baya, ina goyon fari a Dutse, babu abin da ke hana ni sukuni kamar rubutun da maigidana ke yi a intanet. Malamin gona ne. Duk Alhamis in ya taso aiki sai ya biya kafe, ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta abin da ya gani a ƙauyuka: takin da ba ya isowa sai gero ya fid da kai, burtsatsen da aka buɗe da kiɗa ya ƙafe kafin wata ya mutu. Ni aji huɗu na tsaya a firamare, ban san inda rubutun ke zuwa ba. Na dai san ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kuma a wurin wa'azi ana yawan cewa kafe matattarar 'yan damfara ce da masu kallon batsa. A unguwarmu shi kaɗai aka sani da wannan harka, har ana ce masa mai intanet. Nakan ce, Malam, ka bar abin nan tun bai ja mana ba. Sai ya yi dariya, ya ce ni ko ƙyaure ne ya motsa sai na ce ɓarayi. Da gaskiyarsa, haka Allah Ya yi ni.

Wata Litinin ya tafi aikin kwana uku a ƙauyukan Kafin Hausa. Salula ta shigo Dutse a lokacin, amma da ka bar titi babu sabis. Talata da safe ina dama koko, aka zo shirin da ake fassara kanun jaridu a rediyo. Kanun kawai suke karantawa, ba sa shiga cikin labari. Sai na ji an ce an kama wani mai rubutu a intanet a Dutse, ana zarginsa da kashe ɗan acaɓa. Babu suna, babu unguwa. Mai karatun ya wuce labarin ƙwallo.

Ban san lokacin da ludayi ya faɗa cikin kokon ba. Da hannuna na haɗa masa kaya, na san inda ya ce zai je, amma wallahi sai da zuciyata ta ce, to in ba can ya tafi ba fa? Wannan ban taɓa faɗa masa ba. Na kira wayarsa har na gaji, ba ta shiga.

Kafin hantsi gidana ya zama kasuwa. Wadda ba ta taɓa shigowa ba ta zo aron rariya, tana leƙen ɗaki. Wata ta zauna ta yi mini jaje sosai, ta ce dama ita ta san ƙarshen wannan boko ke nan, Allah Ya rufa wa yaron nan asiri. Wadda na yi wa alkawarin kitso ta aiko cewa ta fasa. Na sa sakata, na rungume ɗana, na yini ina kuka.

Bayan la'asar maƙwabciyata ta dawo daga sakatariya. Kirista ce 'yar Filato, tana aikin buga takardu, Anti nake ce mata. Ta daki ƙofar ta ce, "Maman Bebi, buɗe, kukan ya isa haka. Na zo da jaridar."

Ta zauna a tabarmata, ta ɗora yatsa a kan layi tana fassara mini. Wanda aka kama dillalin babura ne, baƙo daga wani gari, ga sunansa nan, ko kusa da na maigidana bai yi ba. Sai can a layin ƙarshe aka ce ya taɓa buɗe shafi a intanet yana tallar babura. Shi ke nan rubutun nasa. Na ce, to Anti, me ya hana su ce dillali? Ta ce, "Dillalai nawa ne a garin nan? Wa zai sayi jarida saboda dillali?" Ta ce ta daɗe da lura, in dai mutum ya taɓa intanet, ranar da ya yi laifi sai su ajiye sana'arsa ta gaskiya su ɗauko wannan.

Na yi hamdala, na girka tuwo, na ci har da ƙari. Kuma a nan na yi kuskuren da nake ɗauke da shi har yau: kaina kawai na tuna. Sai Laraba da safe, da na kai hannu zan kunna rediyo, na tuna irinta maigidana ya saya wa mahaifiyarsa, Inna, da ke wani ƙauye a bayan Miga. Ba ta rabuwa da ita.

Maigidana ɗan fari ne, Inna kuwa mai tsananin kunya. Ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa. In ya zo gaishe ta sai ta juya fuska ga bango ta amsa a taƙaice. In dole ta kama, sai ta ce mutanen Dutse. Amma ƙanwarsa ta taɓa gaya mini ta ji Inna na faɗa wa mai nono cewa akwai wani da rubutunsa ke kaiwa har Makka.

Na karɓi jaridar wurin Anti, na goya ɗana, na hau bas ta Jahun. Da azahar na isa. Takalman da na gani a ƙofar ɗakin Inna su suka fara ba ni labari.

Ƙanwar maigidana ta ja ni gefe. Ta ce jiya Inna na tankaɗe aka karanta kanun. Ta kashe rediyo, ta ajiye rariya, ta shige ɗaki. Kowa a gidan ya ji, kowa ya ga shigarta, amma wa zai bi ta ya yi mata zancen ɗanta na fari? Ita ma ba za ta tambaya ba. Mazan gidan suka ce sai ranar kasuwa a tura wani Dutse ya jiyo. Ba ta ci abinci ba. Dama tana da hawan jini. Da yamma aka same ta a ƙasa kusa da gado, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace.

Na durƙusa gabanta na buɗe jaridar. Ku duba wautata: takardar Turanci, ni ban iya ba, ita ba ta iya ba. Na ce, "Inna, ba shi ba ne." Idonta na kan rufi. Na ce, "Inna, ba Malam ba ne, wani dillali ne." Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa kama sunan mijina ba, balle a gaban mahaifiyarsa. Ranar na faɗe shi, sau biyu, da ƙarfi. Matan ɗakin suka sunkuyar da kai.

Idon Inna ya sauko kaina. Ta daɗe tana kallona. Sannan a hankali ta juya fuskarta ga bango.

Maigidana ya iso Alhamis. Kwana tara Inna ta yi ba ta ce uffan ba, ta rasu. Ƙanwarsa ta ce juyawar nan kunya ce, alamar ta gane, ta koma halinta na kullum. Ina so in yarda. Wani lokaci kuma sai in ce ko ta ɗauka lallashinta nake yi, ta tafi tana zaton ɗanta ya yi kisa. Babu wanda zan tambaya.

Jaridar ba ta gyara komai ba, don a wurinsu ba su yi ƙarya ba, suna yana ciki. Wadda ta fasa kitso ta dawo bayan sati biyu kamar ba a yi ba. Maigidana bai taɓa ce mini don me na kwana ban tafi ba, kuma bai sake taka kafe ba.

Yaron da na goya ranar shi ya koya mini rubutu a waya, ga shi yau ni ma na zama mai intanet. Har yanzu ina ganin irin kanun nan, kuma har yanzu gabana na faɗuwa.

Roƙona ɗaya ne. In kun ga an ce an kama mai rubutu a intanet, ku buɗe ku karanta har ƙasa kafin ku tura wa wani. In kuwa kun gano ba wanda ake zato ba ne, kada ku bari a kwana ba ku kai wa mahaifiyarsa labari ba. Wata ba za ta tambaye ku ba.