Littattafai a ka, ruwa iya ƙirji

Jiya da safe a bakin kogi, kusa da Guider, na ga 'yar yayata tana ratsa ruwa iya ƙirji, littattafanta a ka. Gabana ya faɗi.

Ni ne fa mai cika baki a Garoua cewa a tilasta wa yara karatu har shekara sha shida.

Yayata na tsaye, ko ƙiftawa ba ta yi. Na ce, "Yaya, kullum haka?"

Ta ce, "Firamare kaɗai gare mu, sakandare kuwa sai an haye ruwa. Ku masu son doka, ku fara kawo gada. Yi shiru, ba ta haye ba tukuna."

Jama'a, da 'yarku ce, gobe za ku tura ta?