Shekarar da Aka Daina Faɗin Na Nawa

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta. A aji shida karatuna ya tsaya, kuma ina tsoron ɗora wa malamai laifin da ba su yi ba. Amma hutu ya kusa ƙarewa, dole in yanke shawara: in bar 'yata a makarantar da take, ko in cire ta.

Ni tela ce a Makera. 'Yata ta fari tana wata makarantar kuɗi a Kamazou, kuma tun da ta fara ba ta taɓa sauka ƙasa da ta uku ba. Duk Kirsimeti mukan je Kakau wurin surukina, kakan yaran. Baba yana kiwon zakara guda musamman. Jikan da ya fi sauran matsayi a aji shi ake yanka wa, har ƙundu, wanda a wurinmu rabon maigida ne, Baba yakan miƙa masa da hannunsa.

Bara makarantar ta daina faɗin na nawa yaro ya zo. A taron iyaye, shugabar makarantar, wata mata mai sanyin murya, ta ce masana halin ɗan Adam sun lura da yara iri biyu. Akwai mai karatu don ya wuce wasu, akwai mai karatu don ya iya abin. Na farkon, in abu ya yi wuya, kauce masa yake yi don kada a ga gazawarsa. Na biyun yakan tsaya ya fafata. Ta roƙe mu mu daina ce wa yaro yana da ƙwaƙwalwa, mu riƙa yaba ƙoƙarinsa. Ta ce yaron da ya saba karatu don kyauta, ranar da kyauta ta yanke karatun ma ya yanke.

Wani uba ya miƙe ya ce, "Madam, masu jarrabawar shiga sakandare fa? Su ma ƙoƙarin za su duba?"

Aka yi dariya. Amsarta ta yi tsawo, ban riƙe ta ba. Abin da na riƙe shi ne ita ma sai da ta yi dariya kafin ta amsa, kuma ban san abin da ya ba ta dariya ba.

Na kai maganar wurin wata maƙwabciyata da muke zumuntar mata tare a coci. Ta ce, "Ke dai kin cika yarda! In babu na ɗaya ai babu na ƙarshe. Tsoro suke yi kada iyayen na ƙarshe su kwashe yaransu." Na roƙi Ubangiji gafara don na saurara, amma maganar ta zauna min.

Da Kirsimeti, muna sauka Baba ya tare yarinyar. "Amaryata, na nawa?"

"Kaka, an daina."

"Karatun aka daina?"

"A'a, faɗin na nawa."

"To zakara ya sha! Zai ga sabuwar shekara."

Ta ce, "Riƙe tsohon zakaranka, ango. Haƙoranka ma ba za su iya da shi ba."

Kowa ya fashe da dariya ban da ni. Wannan yarinyar ce ta taɓa ƙin cin abinci don ɗan kawunta ya ci ƙundu. Yanzu ko a jikinta. Me suka cire mata?

Tun daga nan nake sa mata ido. Karatu dai tana yi, a gefen keken ɗinkina, ba tare da na yi magana ba. Sai dai lissafi masu wuya na ƙarshen littafi take zaɓa, aikinta ya cika da jan biro, ta kawo min tana murna: "Mama, wannan ya wahalar da ni, amma na kama shi." A da in ta ga jan biro ɓoyewa take yi. In na buɗe baki zan ce kanta na ja, sai in tuna an hana, in tsaya ina neman kalmar da ba za ta cuce ta ba. Mijina ya ce in bar yarinya ta sha iska.

Ba na cewa Madam ƙarya take yi. A makarantarmu, lokacin da nake yarinya, ranar ba da hutu hedimasta yakan karanto matsayi a gaban kowa, a yi wa na ƙarshe ihu har gida. Na san yadda na daina ɗaga hannu a aji sai in na tabbata. To amma maganar da ta yi daidai da ciwona haka ita ce ta fi ba ni tsoro, don mai son ya sayar min da yadi ma ya san launin da nake so. Kuma baɗi yarinyar nan za ta zauna jarrabawa da yaran da ake faɗa wa matsayinsu kowane zango.

Don haka ina roƙo. Duk wanda ɗansa ya yi irin wannan makaranta har ya shiga sakandare, ya aiko da bayani ta inda ya karanta wannan: da aka koma faɗin na nawa, yaron ya tsaya ko ya rushe? In akwai malamin da ya koyar a irinta ya bari, shi ma ina son jin abin da ya sa ya bari, kafin a koma makaranta.