Takardar Mai Albasa

Shekarar da doka ta tilasta wa bankinmu na Madawa zuba takardun hannun jarin mutane cikin ordinatar, wato kwamfuta, barci ya ƙaurace mini. Aka kwashe na asali zuwa Yamai, aka bar ni da na'urar da ban yarda da ita ba.

Kafin nan, wani dattijo manomin albasa yakan zo ranar kasuwa ya shafa takardarsa, wadda ya ɗinka wa gidan fata kamar laya. Rannan ina nuna masa sunansa a gilashin na'urar, sai aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Sunan ya ɓace.

"Ɗana, takardata ina ta shiga?"

"Tana ciki, Baba."

Wallahi ni ma ban sani ba. Ya turo mini gidan fatar, babu komai ciki.

"In ta fito, ka mayar da ita."