Hannun Indo Mai Ƙuli

A Rurum Tsohon Gari in ka ce Indo sai an tambaye ka wacce, amma in ka ce Indo mai ƙuli, har baƙon da ya kwana biyu a garin zai nuna maka ƙofar gidan. A Saji aka haife ta, wata shekara da ita ma ba ta riƙe ba. Aka kawo ta Rurum gidan Malam Isyaku da tukwanenta da tabarmarta da sana'ar uwarta Barira. Isyaku ya yi shekara arba'in yana noman gyaɗa, ita tana mayar da ita mai da ƙuli. Da ya rasu gona ta koma hannun 'ya'ya, Indo kuwa ta ci gaba da aikinta a inda ta saba, gindin darbejiyar tsakar gida.

Wanda bai taɓa gani ba yana zaton aikin banza ne. A soya gyaɗa da yashi a kasko, a murje, a fece a faifai, a kai inji. Inji ya karɓi niƙa tun tuni, amma matsa har yau ta hannu ce. Za ta zuba niƙaƙƙiyar gyaɗar a turmi, tana yayyafa ruwan ɗumi tana juyawa, har mai ya fara tasowa a hankali. Sai ta kwashe ta ɗora a allon katako, ta danna da gindin babban yatsa, ta murɗe, ta sake dannawa. A daidai nan hankalinta yakan bar gidan. Takan ga Saji da hantsi, ga tsamiyar bayan gari, ga Barira a durƙushe hannayenta suna sheƙi har gwiwar hannu, mai yana gangarowa cikin ƙwarya ba ya ƙarewa. Sau da yawa sai mai saye ya yi sallama uku kafin Indo ta dawo Rurum.

Ciwon bai yi mata sallama ba. A gindin babban yatsan dama ya fara, ta ce sanyi ne, damina ta wuce zai wuce. Damina uku ta wuce. Gaɓoɓin yatsun suka kumbura suka karkace, da safe sai rana ta ɗaga kafin su yarda su lanƙwashe. Duk wanda ya ce mata ya jiki, amsa ɗaya ce, da sauƙi. Mu mutanen nan haka muke, mutum yana kwance ba ya iya ɗaga kai, ka gaishe shi ya ce da sauƙi, kai ma ka ce Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya san gaskiya a zuciyarsa. Indo dai ta fi kowa riƙo da abin. A wurinta, ka buɗe baki ka ce babu sauƙi, ka kai ƙarar Ubangijinka wajen bayinsa ke nan.

Ana haka wasu likitoci daga Kano suka zo da bincike a kan ciwon gaɓoɓin hannu, suka kafa tebur a wani asibiti cikin Rano. Suna so su gane ko wani man shafawa da motsa yatsu suna da amfani. Tsarin a fili yake. Wata uku ana shafawa ana aunawa. Wadda ta ce ta samu sauƙi a rufe takardarta a sallame ta da godiya. Wadda ba ta samu ba a wuce da ita gaba, babban likita ya duba ta, a yi mata ɗaurin yatsa daidai hannunta, a sake magani. Indo takan hau bayan babur duk ranar Talata, tana riƙe da mayafinta da haƙori don yatsun ba sa riƙo.

Ma'aikaciyar da ke auna ta sunanta Afra'u, 'yar Kibiya, mai sanyin murya da taurin kai a ɓoye. Takan miƙa wa Indo wani ƙarfe mai fuskar agogo ta ce ta matse iya ƙarfinta, allura ta motsa, ta rubuta lamba. Sai ta shimfiɗa takarda mai layi daga sifili zuwa goma, a nuna inda ciwo yake. Sai tambayoyi, ko tana iya buɗe murfin kwalba, ko tana iya murɗa makulli, ko tana iya saka maɓalli. Indo takan yi dariya a ranta. Ɗakinta sakata gare shi, rigarta ba maɓalli, wanda ya tsara tambayoyin nan bai taɓa zama kusa da turmi ba. Yayin da take jira a kan benci takan zuba wa duwatsun Rano ido ta taga, sai su fara narkewa cikin rana, ta ga kanta yarinya tana tsallake kunyoyin gyaɗa, yatsunta miƙaƙƙu siraran nan. Afra'u ta kira sunanta, Indo ta duba cinyarta ta ga hannun tsohuwa.

Allurar ƙarfen tana ja baya mako bayan mako, bakin Indo yana cewa da sauƙi. Ba ita kaɗai ba ce, kusan duk matan Rurum da Saji haka suke amsawa, har likitocin Kano suka fara murna sun samo magani mai ban mamaki. Afra'u ce ba ta yi murna ba, don ita ma da wannan amsar aka raine ta. Amma ƙa'idar aikin ta ɗaure ta, layin ƙarshe na takardar abin da mai ciwo ya faɗa da bakinsa ake rubutawa, ba abin da ma'aikaci ya hango ba. Ta lallaba, ta zagaya, ta bayyana cewa faɗa wa likita gaskiya ba butulci ba ne, shi ma neman magani umarni ne. Indo ta saurara da kyau, ta sa mata albarka, ta ce da sauƙi.

Talatar ƙarshe Indo ba ta je ba. Ta san abin da za a tambaya, ta san abin da bakinta zai faɗa, ta kuma san daga ranar an gama da ita. Tsoro ya kama ta sosai, tsoron da ba ta ji ba ko ranar da aka fita da Isyaku. Hannun nan shi ne sunanta a garin. Ta rasa yadda za ta yi, sai ta yi abin da ta iya, ta hura wuta ta ɗora kasko.

Bayan azahar babur ya tsaya a ƙofar gida, Afra'u ta shigo da takarda a jaka. Ba ta fito da ita ba. Ta zauna a tabarma suka gaisa, ta tambayi jikoki, ta yaba inuwar darbejiya. Indo ta ɗebo ƙulin da ta kwashe ɗazu ta ajiye mata a faifai, don ba a barin baƙo haka. Afra'u ta yi bisimilla ta gatsa.

Ƙulin bai yi ƙara ba. Ya lotsa a haƙorinta kamar dafaffen dankali, mai ya fito ya jiƙa mata leɓe. Man da ya kamata ya kasance a ƙwarya yana nan cikin tunkuza, hannu ya kasa fitar da shi. Afra'u ta ci gaba da taunawa a hankali, ta sunkuyar da kai. Indo tana kallon bakinta. Ta daɗe da sanin haka ƙulinta ya koma, masu saye ma sun sani, kunya ce ta hana kowa magana. Amma yau ne ta zauna ta ga wani yana ci a gabanta.

"Kin ƙi cewa komai, 'yar nan," in ji Indo.

"Ba ni aka ce in faɗa ba, Inna. Ke ce."

Indo ta juya hannayenta a cinya, ta dube su ciki da baya. Ta yi istigfari a hankali, hawaye suka zubo ba ta share ba.

"Fito da takardar," ta ce. "Rubuta babu sauƙi. Tun bara babu. Allah ya sani ba ƙararsa nake kawowa ba, hannuna nake so."

Afra'u ta rubuta yadda aka faɗa, kalma bayan kalma, ta karanta mata ta ji. Saura sa hannu, Indo kuwa dangwale take yi. Afra'u ta buɗe tawada, ta kamo babban yatsan a hankali don ta ɗora shi a takarda. Indo ta runtse ido ta ce wayyo da ƙarfi, har maƙwabta suka ji ta katanga.