Cokalin Kwastan

Wata biyar da rasuwar Baba, Nas ta gama yanke hukunci a ranta cewa kan Umma ya fara juyewa. Nas ita ce babbar 'yarsu. Shekararta goma sha bakwai tana jinyar tsofaffi a asibiti, har ƙannenta sun daina kiran ta da sunanta sai Nas, kuma ta san yadda abin yake farawa: yau tsohuwa ta manta ta zuba gishiri ta sake zubawa, gobe ta bar gas a kunne ta tafi barci. Saboda haka ta share ɗaki a gidanta, ta rataya sabon labule, ta ce wa ƙaninta Injiniya ya taho da sifana ranar Lahadi ya kwance silindar gas ɗin Umma. Umma kuwa ta rantse ba inda za ta, daga gidan nan sai kabari.

Abin da ya fi ci wa Nas rai shi ne, wai Umma ce abincinta ba ya ciwuwa. Umma fa! Matar nan tela ce, shekara talatin tana taka keke a bakin taga, amma je ka tambayi 'yan layin, ba wanda zai fara da maganar ɗinki, sai dai naman sa da dankalinta. Takan shanya naman a faranti ya tsane kafin ya ga mai, ta soya shi kashi-kashi har ya yi ja, don in ka cika tukunya, in ji ta, dafawa kake yi ba suya ba. Albasa ta bi baya ta kankare ƙanzon, sai tumatir da tafarnuwa, sai ruwa, sai wuta can ƙasa awa biyu. Dankalin turawa manya-manya take yanka shi, sai guda biyu da take murƙushewa su kama romon. Maƙwabta kan shigo aron ashana a daidai lokacin saukewa, alhali ashanarsu na aljihu.

Shi kuwa Baba gyaran agogo yake yi a ɗan shagon da ke gaban gidan, mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba. Aibinsa ɗaya, kwaɗayi. Da miya ta kusa nuna sai ka gan shi ya shigo kicin da gilashinsa a goshi, ya zaro wani ƙaramin cokali daga aljihun riga, ya tsaya bayan Umma yana ɗanɗane. Yara suka laƙa masa Kwastan, wai ba abin da ke wucewa bai duba ba. Ita kanta Nas ta sha yi masa tsiya cewa babba da shi ba ya jin kunya, shi kuma sai ya yi murmushi ya ƙwanƙwasa cokalin a bakin tukunya ya fice.

Ranar Lahadi Umma ta ce kafin a taɓa mata gas sai an ci abincinta, in sun same shi da aibi su yi yadda suka ga dama. Injiniya ya zauna a falo da sifana a cinya kamar wanda ya zo kamu. Nas ta jingina da ƙofar kicin ta zuba ido, don ta kama kuskuren da idonta a huta da gardama.

To, ba ta ga kuskure ba. Hannun Umma bai yi rawa ba, ba ta tsallake komai ba, wutar ma ta rage ta a daidai lokacin da ta saba. Sai da aka zo gishiri. Umma ta tsinko kaɗan da yatsu uku ta barbaɗa, ta juya, ta tsaya cak da kanta a karkace kamar mai sauraren sallama. Shiru. Ta sake tsinkowa. Ta juya, ta tsaya. Nas na ƙirgawa, a na bakwai ta yi wuf ta riƙe mata hannu. Ta ɗebi romon ta kai baki, sai da idonta ya kawo ruwa don gishiri. Ta miƙa wa Umma ludayin ta ce don Allah ta ɗanɗana da kanta ta ji abin da take yi.

Umma ta kurɓa, ta haɗiye, ko gezau fuskarta ba ta yi ba.

"Ruwan zafi ne a bakina," ta ce. "Shekara goma sha tara ke nan komai ruwan zafi ne."

Nas ta zauna a kan buhun dankali. Umma ta tuna mata ranar da ita Umman santsi ya kwashe ta a banɗaki ta bugu a ƙeya. Nas na makarantar jinya a lokacin, ita ce ma ta wanke ciwon ta naɗe shi, tana ta iyayi. Ciwo ya warke, amma ɗanɗano da jin ƙamshi suka tafi ba su dawo ba. Umma ta yi kuka a gaban Baba, ta ce in mutane suka ji, shi ke nan, kowa zai riƙa cin abincinta da tausayi. Baba ya ce ba dai daga bakinsa ba. Washegari ya sa cokali a aljihu. In ya ɗanɗana ya yi shiru, ta ƙara. In ya buga bakin tukunya sau biyu, ya isa.

"Na san ya rasu, ba hauka nake ba," in ji Umma. "Hannun ne bai san inda zai tsaya ba. Shiru nake ji, ni kuma shiru na saba da shi a kan in ƙara."

Injiniya na tsaye a ƙofa baki buɗe, ba wanda ya san lokacin da ya taso. Nas kuwa kunya ce ta rufe ta, kunya da baƙin ciki. Ita da take gane cutar tsohuwa daga yadda ta riƙe kofi, shekara goma sha tara uwarta na cin abinci ba ta jin komai a gabanta, ba ta gani ba. Mutumin da ya rufa asirin kuma, ita ce kan gaba wajen ce masa makwaɗaici.

Ba wanda ya ƙara ambaton gas. Suka tsame naman suka ɗauraye, Injiniya ya ajiye sifana ya zauna firar dankali, yana ɗebe rabinsa da ɓawo, Umma na yi masa faɗa. Aka sake ɗora tukunya. Da ta kusa nuna, Nas ta shiga shago ta buɗe durowar Baba. Cokalin na nan a cikin ƙananan sukurdireba.

Ta tsaya bayan Umma. Umma ta barbaɗa, ta juya, ta karkata kai. Nas ta ɗanɗana ta yi shiru. Umma ta sake barbaɗawa. A na uku Nas ta ɗaga cokalin ta buga bakin tukunya sau biyu.

Hannun Umma ya tsaya a sama da gishiri a yatsunta. Ta daɗe a haka, ba ta waiwayo ba. Can ta mayar da gishirin cikin kwalba ta rufe.

"Lahadi mai zuwa ki zo da wuri," ta ce. "Shi bai taɓa makara ba."