Ranar da Kawu Ya Mayar da Doguwar Sanda

Ranaku da yawa sun wuce ni sun tafi da labarinsu, amma ranar da na raka kawuna Kano sayen sandar fatsa tana nan daram a raina, kuma ba na jin zan manta da ita muddin ina numfashi.

A lokacin ana tsakiyar tsuke bakin aljihu. Masaƙar da nake aiki a Kano ta rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka sallama. Na kwaso matata da 'ya'yana muka koma gida Masanawa, muka raɓa a ɗakin da na taso a cikinsa. Damina ta riga ta wuce, ban shuka komai ba, ba ni kuma da jari. Da safe sai in fito in zauna a inuwar ƙofar gida, in rana ta cim mini in matsa. Wanda bai taɓa zama haka ba, da ƙarfinsa da lafiyarsa, yana jin 'ya'yansa suna tambayar uwarsu yaushe za a ɗora tukunya, ba zai gane abin da ke cin zuciyar mutum ba.

Kawun nawa yayan mahaifiyata ne, yana zaune a Lakwaya. Asalinsa makiyayi ne. Da annoba ta cinye masa shanu sai ya tafi Ikko, ya yi shekaru yana gadi a wani gida da ke kusa da bakin teku. A can ya ga masu fatsa suna tsayawa a kan rairayi suna wurga ƙugiya bayan igiyar ruwa, ya yi ta kallo har ya koya. Da ya dawo gida ya zo da wata tsohuwar sanda mai tsawon gaske, da ita yake zuwa madatsar ruwan da ke kusa da mu. Da farko masu koma da kwalekwale dariya suke yi masa. Da suka ga yana tsaye a tudu, ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba, yana jawo manyan kifaye daga wuri mai zurfi, sai dariyar ta koma gaisuwa. Da wannan sanda yake ciyar da gidansa, har ranar da ta tsage a mahaɗarta, ta ƙi ɗauruwa.

Wata safiya sai ga shi a kan kekensa. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi haƙuri, sai ya ce, “Ɗan nan, tashi ka sa riga ka raka ni Birni. Na sayar da maraƙina, sanda zan saya. Ka fi ni sanin hanya.”

Na san ya san hanya sarai. Amma na tashi.

Kantin da muka nufa yana cikin wani lungu a kasuwa, na wani Alhaji ne mai sarin koma da zare da ƙugiyoyi daga kudu. Ya ce mana tun da kayan waje suka yi wuya ba ya kawo sanduna sai 'yan kaɗan, domin babu mai iya saya. Ya shiga ciki ya fito da su a rungume, ya jingina a bango. Sannan ya hau kujera ya sauko da wata daga saman rufi, a cikin doguwar jakarta.

Ban taɓa ganin fuskar Kawu kamar yadda na gan ta a lokacin ba. Ya goge hannuwansa a jikin rigarsa kafin ya karɓa. Ya harhaɗa ta, sai da ya fita waje saboda kantin ba zai ɗauki tsawonta ba. Baƙa ce wuluk, tana sheƙi. Ya bi zobban da zare ke bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya da farcensa, yana neman inda zai ji kaifi. Ya kara idonsa a gindinta ya duba ko ta miƙe. Ya sa ni na riƙe tsinin, ya ɗaga a hankali har ta lanƙwasa, ya saki, ta koma tsaye ba ta yi rawa ba.

“Irinta ce ta teku ta ainihi,” in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. “A hannun masu motoci kawai nake ganinta a Ikko. Ruwan gishiri ba ya cin zobbanta. Da wannan, daga inda kake tsaye sai ka kai ƙugiya wancan masallacin.”

Alhaji ya faɗi farashi, suka yi ciniki irin na dattawa, ba hayaniya. Inda suka tsaya, kuɗin maraƙin ne gaba ɗaya, sai abin da zai mayar da mu gida. Na yi murna a raina, domin na ga burin shekaru zai cika a gabana.

Kawu bai sa hannu a aljihu ba. Ya tsaya riƙe da sandar, ya dube ta, ya dube ni. Sai ya miƙa wa Alhaji ita, ya koma wajen waɗanda aka jingina a bango. Waɗannan gajeru ne, masu araha, fentinsu ma bai zauna daidai ba. Ya shiga bincikensu kamar yadda ya yi wa babbar, har ya fi tsanantawa. Wata ya ce mahaɗarta tana motsi. Wata ya ce zobenta na ƙarshe ya karkace, zai yanke zare. Wata ya ƙwanƙwasa ta a kusa da kunnensa ya ajiye. Alhaji har ya gaji ya zauna. Daga ƙarshe ya ware biyu, ya ɗora mini ɗaya a hannu.

“Ɗaga ta. Yaya ka ji nauyinta?”

Na ce, “Kawu, ni me na sani a kan wannan?”

“Ban tambaye ka abin da ka sani ba. Ta yi maka nauyi?”

Na ce a'a.

Ya juya ya ce, “Alhaji, mayar da waccan cikin jakarta. Waɗannan biyun za mu ɗauka, da abin naɗe zarensu, da ƙugiyoyi da dalmar nutsar da su.”

Alhaji ya ce, “Baba, ka yi tunani. Waɗannan ba za su kai maka rabin inda waccan za ta kai ba. Sai ka shiga ruwa kafin ka wurga.”

“Na sani,” in ji Kawu.

A nan na gane abin da ake ciki. Na san yana fama da ciwon gwiwa, na san abin da ruwan sanyi yake yi masa. Na ja shi gefe na ce, “Kawu, don Allah kada ka yi haka saboda ni. Ka sayi taka. Ni Allah zai buɗa mini wata hanya.”

Ya ce, “To ai ita ce wannan. Ko kana jiran ta zo da wata kama ne?” Ya ƙara da cewa, “Na taɓa zama a ƙofar gida ba saniya ko ɗaya. Na san abin da zaman yake yi wa mutum. Karɓi sandarka mu tafi kafin mota ta cika.”

Da za mu fita, na lura bai sake waiwayar inda aka rataye babbar ba. A motar Gwarzo da za ta mayar da mu gida ya rungume sandunan a tsakanin gwiwoyinsa, yana ta ba ni labarin teku, yadda take ja da baya sannan ta dawo da ƙarfi, da yadda ya sha faɗuwa kafin ya iya tsayuwa a gabanta. Ni kuwa ina kallon taga, don kada ya ga idona.

Washegari bayan sallar asuba muka sauka bakin ruwa. Ya naɗe wandonsa ya kutsa har cinya, yana cije baki, ya nuna mini yadda ake sa tana a ƙugiya, da yadda ake juya kafaɗa a saki zare. Wurgina na farko a ciyawar bayana ya faɗa. Na biyu ya kama mini riga. Bai yi dariya ba, sai dai ya ce in sake. Hantsi ya ɗaga sosai kafin na ji wani abu ya fizgi zaren, sandar ta lanƙwasa har na ɗauka karyewa za ta yi. Na fara ja da ƙarfi.

“Kada ka yi kokawa da shi!” ya daka mini tsawa. “Sassauta. Bar shi ya gaji. Sandar za ta ɗauka, ni na zaɓe ta.”

Ta kuwa ɗauka. Tarwaɗa ce ƙatuwa, kanta kamar tafin hannuna biyu. Ranar na shiga gida da abu a hannuna, karon farko tun da muka baro Kano. Matata ta karɓa, sai na ji tana kiran yara su zo su hura wuta.

Da na ƙware, sai na hana shi shiga ruwa. Ni nake kutsawa in wurga tawa in wurga tasa, in miƙa masa ya zauna a tudu yana jira. Daga kifin nan na sayi akuya, daga baya na karɓi aron gona, matata kuma ta fara suyar kifi tana aikawa kasuwa. Kawu ya rasu a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, ni na sauke shi a kabarinsa.

Abin da na koya a kantin nan shi ne, kyauta mafi girma ba daga rarar mutum take fitowa ba. Kawu ba shi da rara. Abin da ransa ya fi so ne ya riƙe a hannunsa, ya ga zai iya mallaka, sannan ya ajiye domin wani ya miƙe tsaye. Tun daga ranar, duk lokacin da zan sayi wani abu da ɗan abin da nake da shi, nakan tsaya in duba ko akwai wanda ke tsaye kusa da ni hannu wofi.