Manhajar da Ta Daina Kuka

A shekarun da gangar ɗanyen mai take tsada, gwamnati ta raba kwamfutoci har ƙananan asibitocin karkara, ni kuma aka turo ni Wudil in kula da rumbun bayanan marasa lafiya. Ban san kowa a garin ba. Ɗaki ɗaya na kama kusa da gada, cin abincina a teburin mai shayi.

Na haɗa wata 'yar manhaja mai sa ido a kan rumbun. Da wani abu ya cije sai ta yi ja, ta kama kuka, ma'aikata su kira ni. Kusan kullum laifin ɗaya ne: lokacin tashi ya yi, a kashe janareta kwamfuta na tsakiyar aiki, a lulluɓe ta da tsohon zani a kama hanya. Na yi faɗa har bakina ya gaji.

Amma gaskiya ina son kiran nan. Wani dattijo mai rajista a asibitin Lajawa ba ya faɗin matsala sai ya tambayi kwanana, da gajiya, da mahaifiyata da bai taɓa gani ba. Can ƙarshe ya ce, "Af, Malam, mutuniyar taka ta fara." Akan yi mako guda ba wanda ya tambayi lafiyata sai shi.

Son a ce na iya ne ya ci ni. Na duƙufa na fitar da sabuwa wadda take gyara ɓarnar da kanta, ba ja, ba kuka. Na tsara sanarwa da Turancina mai kyau na aika ta imel. Ba wanda ya buɗe. Dole na hau babur na bi su Kausani, Ɗankaza, Lajawa, ina sanarwa baki da baki, ina ɗora musu sabuwar.

Dattijon ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura, ya saurare ni tsaf.

"Wato yanzu ko mun kashe inji ba za ta yi ƙara ba?"

"Ko kaɗan, Baba."

"Alhamdu lillahi. Wallahi kunyarka nake ji, kullum muna ɗaga maka hankali. To ka huta da mu ke nan."

Na yi dariya, har da cewa ai abin da ake nema ke nan.

Manhajar ta yi aiki, ban taɓa yin abin da ya yi kyau kamarta ba. Wata biyu ina zaune a ofis ina kallon allo kore shar, kaɗaici ya ishe ni. Ran nan bayan la'asar na kasa daurewa, na kira dattijon da kaina. Muka gaisa sosai, sannan na ji muryarsa ta sauya.

"Malam, lafiya dai? Ko mun ɓata wani abu ne?"

Na ce a'a, komai daidai yake. Yana ta jiran in faɗi abin da ya sa na kira, ni kuwa gaisuwar ce kawai ta sa.